Yadda ake sassauta bash ɗin rufin mota in ya tsuke ya yi tauri

Jama'a kun dame ni da tambaya kan tsoffin Volkswagen ɗin nan masu gado a ciki, waɗanda rufinsu ke ɗagawa sama, wai bash ɗin, wato yadin tantin da ke haɗa rufin da jikin motar, ya bushe ya ƙi miƙewa. Zafin Yamai ne da ƙurar hunturu. Ga yadda ake yi:

1. Kai motar inuwa, da sassafe ya fi.
2. Ɗaga rufin rabi kawai. Kul! Nan ake ɓarna, in ka tura da ƙarfi ɗinkin zai ɓalle.
3. Kakkaɓe ƙurar da buroshi mai taushi.
4. Jiƙa bash ɗin da ruwan ɗumi, ciki da waje, har ya sha sosai. Ban da Omo ban da jabel (ruwan bilic) don Allah, suna ɓata yadin.
5. Goga kyandir a haƙoran zip.
6. Ja zip ɗin tagogi ka rufe duka.
7. Ƙara ɗaga rufin kaɗan kaɗan, in ka ji ya ƙi sai ka dakata ka sake jiƙawa, tsohon yadi ba ya son gaggawa.
8. Bar shi a miƙe ya bushe ƙarau. Kar ka sauke rufin da danshi, zai yi hunhuna.