Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar Cataract Kafin a Fassara Ta

Duk mai fassara daga Turanci zuwa Hausa da ya ci karo da kalmar cataract, kada ya yi gaggawar ɗaukar ma'anar farko da ƙamus ya ba shi. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya duba kalmomin da ke maƙwabtaka da ita a cikin jimla, domin su ne za su nuna masa fagen da ake magana a kansa.

Asalin kalmar Girkanci ne, inda take nufin abin da ke rugowa ƙasa da ƙarfi, daga nan ta shiga Latin da ma'anar ruwa mai zubowa daga tudu, da kuma ƙofar ƙarfe da ake saukewa daga sama a mashigar ganuwa. Idan aka ambaci dutse da kwazazzabo da rugugin ruwa, to babbar magangarar ruwa ake nufi, irin ta Gurara da ke jihar Neja.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rubutun tarihi da na labarin ƙasa a kan kogin Nilu. A nan kalmar takan zo da babban baƙi tare da lamba, saboda akwai wurare 6 da ake kira da wannan suna tsakanin Aswan a Masar da Sabaloka a arewacin Khartum. Waɗannan wurare ba ruwa ne mai faɗowa daga sama ba. Duwatsu ne suka cika cikin kogin, ruwa yana ratsa su da gudu, har jirage su kasa wucewa, shi ya sa na farkon ya daɗe yana zaman iyakar kudu ta tsohuwar Masar. A ganina, “wurin duwatsu mai tsananin gudun ruwa” ya fi dacewa, ko da yake ya yi tsawo. A kula kuma da lokacin aikatau, domin na 2 yana ƙarƙashin tafkin Nasser a yau, madatsar Merowe ta Sudan kuma ta haɗiye na 4.

Idan kuwa aka ga likita da tiyata da tsufa a kusa da kalmar, yanar ido ce, wato farin da ke rufe madubin cikin ido har gani ya dusashe. Abin sha'awa, likitocin Larabawa na da sun kira cutar saukar ruwa, Larabcin yau kuma yana kiranta farin ruwa. Kada a rikita ta da hawan jinin ido, wanda cuta ce dabam.

A adabi kuma marubuci yakan aro kalmar don ya kwatanta ruwan sama mai yawa ko hawaye masu kwarara. A irin wannan wuri ba a bukatar ambaton magangara ko kaɗan, sai a ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.