Yadda ake sauya boris ɗin ƙafar gaba a gida

Boris idan ya fara mutuwa gurnani yake yi, gurnanin kuma yana ƙaruwa da gudun mota ko da ka fitar da giya. In ka karya kwana hagu ƙarar ta ƙaru, galibi na dama ne, don can nauyin motar yake komawa. Ɗaga motar, ka riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza, in tana wasa to galibi boris ɗin ne.

Kafin ka ɗauki sifana, san irin naka. Wanda ya zo haɗe da hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, noti 3 ko 4 na riƙe da shi ta baya, wannan aikin gida ne. Wanda ake dannawa cikin ƙarfen ƙafa kuwa, ni dai shawarata ka kwance ƙarfen ka kai wa mai na'urar dannawa. Guduma tana shigar da boris, amma tana lotsa hanyar ƙwallayensa tun kafin mota ta motsa.

Ja birkin hannu, sa waji a tayoyin baya. Sassauta babban notin tsakiya tun taya na ƙasa, yawanci soket mai milimita 30 zuwa 36 ke kama shi. Sannan ka ɗaga, ka ɗora motar kan ƙarfen tokara. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Cire taya, kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ka rataye ta da waya don kada nauyinta ya ja tiyon birki, sai ka cire faifan birki. Zare na'urar ABS, mai auna gudun taya don birki, a hankali, tsatsa kan riƙe ta, ga saurin karyewa. Tura shaf, wato sandar da ke juya taya, ciki, kwance notocin baya, ka fitar da hob. A nan bugu da guduma ya halatta, tunda tsohon na shara ne.

Goge mazaunin da buroshin ƙarfe har ya yi fes. Ɗan tsatsa kaɗan zai sa sabon ya zauna a karkace, gobe birki ya riƙa rawa. In na dannawa ne, gefen boris mai maganaɗisu ya fuskanci na'urar ABS, kuma zoben waje ake dannawa, ba na ciki ba.

Inda mutane suka fi kashe sabon boris shi ne ɗaurin notin tsakiya. Shi ke matse zobban ciki daidai gwargwado; ya yi sako-sako boris ya yi wasa, ya wuce kima ya yi zafi. Sa sabon noti, duba awon da littafin motarka ya bayar, ka ɗaure da sifana mai awo, ba da bututu da ƙarfin ƙafa ba. Kada ka gangara da motar ko taku ɗaya kafin ka ɗaure shi. Kulle shi da fin, ko ka lotsa bakinsa cikin tsagin shaf.

Kafin ka fita gwaji, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko yakan tafi ƙasa babu kamu.