Darasi na 9: Idan Mai Jego Ta Daina Walwala

An yi suna lafiya, 'yan barka sun watse, jariri yana ta ƙiba. Amma uwar ta canza. Tuwo ba ya shiga, kunun kanwa sai ya huce a kwano. Da dare jariri ya yi barci, ita idonta biyu har asuba. In an ce me ke damunki, sai ta ce "Ba komai," ga hawaye na zuba.

Wannan darasi na waɗanda ke zaune da ita ne: miji, uwa, uwar miji, yaya, abokiyar zama, maƙwabciya.

Mata da yawa suna yin kuka ko saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako 2. Idan ya zarce mako 2, ko kullum sai ƙaruwa yake yi, to ana zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ciwo ne, kamar hawan jini. Sauyin jiki bayan haihuwa yana kawo shi, haka rashin barci, wahalar naƙuda, rashin abin hannu, da rashin zaman lafiya a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana samun matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, kuma akasari wannan damuwar ce. Ku ƙirga masu jegon da kuka je wa barka bana, za ku ga abin ba nesa yake ba.

Akwai abin da ke ɓoye ciwon nan a gidajenmu, wato kunyar ɗan fari. Yarinya ta ƙi ɗaukar ɗanta a gaban mutane, ta ƙi kallonsa, sai a yaba mata a ce mai kunya ce. Sau da yawa kunyar ce kuwa. Amma ku lura da ita idan ɗaki ya zama daga ita sai shi. Mai kunya tana yi masa wasa in ba idon kowa. Mai ciwo ko ita kaɗai ce zuciyarta a bushe take, kuma tana zargin kanta, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce.

Yadda za a yi mata magana

Abin da ya fi saurin fitowa daga bakinmu shi ne, "Ke da Allah ya ba ki ɗa, me kike wa kuka? Wasu nema suke yi." Wani ya ce rashin godiya ne, wata ta ce shagwaɓa ce. Ni dai roƙona, a bar waɗannan kalmomi. Ita ma ta san an ba ta kyauta, shi ya sa kukan yake ba ta kunya. In aka ƙara mata da gori, sai ta kulle bakinta.

Ga yadda wata yaya za ta iya yi. Ta jira ɗaki ya yi shiru, ta karɓi jaririn ta goya, ta zauna kusa.

"Ƙanwata, kwana biyu na ga ba kya cin abinci. Yaya zuciyarki?"

"Ba komai, Yaya."

"To. Ina nan zaune, ba sauri nake ba."

Shirun nan yana da amfani, kada a cike shi da wa'azi. Idan ta fara magana, a bar ta ta kai aya. Sannan abin da ta faɗa ya tsaya a ɗakin, kada a ji shi a gidan biki.

Bayan sauraro sai aikin hannu. Wata ta karɓi wanki da girki. Wata ta riƙe jariri da rana don uwar ta samu barci mai nauyi. Maigida, kai ma da naka: ko tana gidan iyayenta wanka, ka riƙa zuwa, ka zauna, ka tambayi jikinta ita kanta, ba na yaro kaɗai ba.

Addu'a da asibiti

Wasu za su ce iska ce ta taɓa ta, ko sammu aka yi mata. A yi addu'a, tana sanyaya zuciya. Amma a haɗa da asibiti, kamar yadda ake yi in yaro ya yi zazzaɓi. Ranar kai jariri rigakafi dama ce: a gaya wa ma'aikaciyar lafiya abin da aka gani. Za a iya duba ko ƙarancin jini ne, domin shi ma yana kawo kasala. In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano a Kano, akwai na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Wata mai jegon, hira da ma'aikacin lafiya ta ishe ta, wata kuma sai an haɗa da magani. A gaya wa likita tana shayarwa, domin ya zaɓi wanda ya dace. Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi, kuma ba a daina shi don an ji dama sai likita ya ce. Kada a sayo mata ƙwayar barci a kemis. Duka, ɗauri da mari ba sa warkar da kowa.

Abin da ba ya jiran gobe

Idan ta ce gara ta mutu, ko tana tsoron za ta cutar da jaririn, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ta rikice ba ta gane mutane, a kai ta asibiti a ranar. Kafin a samu mota, kada a bar ta ita kaɗai, kuma wata ta riƙe jaririn. A ɗauke fiya-fiya, shinkafar ɓera, wuƙa da magunguna daga ɗakin, a rufe rijiya. In kuna shakka, ku tambaye ta kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, ƙofa take buɗe masa ya faɗa.

Mai jinya ma mutum ce. A riƙa karɓa-karɓa, kada a bar wa mutum ɗaya.

Aikin aji

Ku karanta hirar yaya da ƙanwarta da ƙarfi, mutum biyu-biyu. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa, da ranar da ake rigakafi a can, da sunan mai mota ko mai babur da zai iya bugawa ko da tsakar dare ne.