Yadda Za Ka Binciki Tarihin Yaƙin Giginya Idan Kana Sakkwato

Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya saba jin sunan Giginya, domin akwai barikin soja da filin wasa da makarantar sakandare da ke ɗauke da shi, amma ɗalibin da aka ce ya rubuta wani abu mai tushe a kan yaƙin da aka gwabza a wannan fili tsakanin mutanen Sakkwato da Turawan Ingila a 1903 yakan rasa ta inda zai kama. Wannan bayani na irin wannan ɗalibi ne, da malamin da ke shirya darasi, da duk mai son ya san abin da ya faru ba ta hanyar jita-jita ba.

Ka fara da daidaita kwanaki kafin komai, domin a nan ne yawancin masu rubutu suke tuntuɓe. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai cika wata shida a kan mulki ba Turawa suka iso. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903 a hannun rundunar Kanar Morland, lokacin da Sarkin Kano Alu yake Sakkwato, sannan aka yi karon Kwatarkwashi a ƙarshen wannan wata, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Yaƙin Giginya kansa ranar Lahadi aka yi shi, 15 ga Maris 1903, a tsakiyar Zulhajji na 1320, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah. Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, bai halarci yaƙin ba, ya iso bayan kwana huɗu, kuma ranar 21 ga wata ya tabbatar da naɗin wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Ka rubuta waɗannan a takarda guda, kowace rana da lissafinta na Hijira a gefe, domin takardun malamanmu da shi suke aiki. Ka kuma kiyaye Attahiru biyun nan, kada ka haɗa su, kamar yadda ake yawan yi.

Bayan haka sai ka taka ƙasar da ƙafarka. Rundunar Turawa, wadda Janar Kemball da Morland suka jagoranta, ta biyo ta Ƙauran Namoda ta ɓullo ta Shagari, ta fuskanci birni daga kudu, mutanen Sakkwato kuwa suka fito wajen ganuwa suka ja daga a fili. Gidaje da tituna sun cinye filin yanzu, saboda haka ka nemi dattijon da ya san inda tsohuwar ganuwa ta bi, ya nuna maka wuraren ƙofofi irin su Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, daga nan ka auna nisan da ke tsakaninsu da unguwar da ake kira Giginya. Ka fita da sanyin safiya, musamman in a watan Maris ne. Amfanin wannan tattaki shi ne ka gane da idonka abin da fili marar maɓoya yake nufi ga mai doki da mashi da takobi, idan a gabansa an girka bindiga mai ruwa da igwa, sojoji kuma sun yi sahu mai kusurwa huɗu suna harbi ta kowace fuska. Wanda ya tsaya a wurin ba zai sake mamakin yadda aka gama yaƙin tun rana ba ta take ba, ba kuma zai ɗauki gajartarsa a matsayin ragwantaka ba. Turawan da kansu sun rubuta yadda wasu 'yan tsiraru suka kewaye tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gusawa har aka kashe su.

Sai takardu, kuma a nan ne aikin yake da nauyi. Rahotannin Turawa su ne suka fi sauƙin samu, wasu a rahoton shekara na Lugga, wasu a fayilolin Lardin Sakkwato da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, kuma Gidan Arewa da ke can yana da abin da zai taimake ka. Ka karanta su da sanin cewa masu rubutun suna kare kansu ne a gaban manyansu na Landan, waɗanda ba dukansu ne suka gamsu da wannan yaƙi ba. Idan ka ga adadin dawaki ko na waɗanda suka mutu, ka tambayi kanka wa ya ƙirga, kuma me zai ƙaru da shi in adadin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Misali mafi kyau shi ne wasiƙar da Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai cewa babu abin da ke tsakani sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja, amma masana sun daɗe suna jayayya a kan ingancinta da fassararta, don haka idan za ka kawo ta, ka kawo ta tare da jayayyar. Ka kuma lura cewa Turawa 'yan ƙalilan ne a cikin wannan runduna, yawancin masu riƙe da bindiga 'yan ƙasa ne, da yawansu ma Hausa suke ji, kuma rubutun da ya tsallake wannan bai cika ba.

Ɓangaren Sakkwato kuwa yana cikin Larabci da ajami, kuma wurin farawa shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makarantarka. In ba ka iya karanta rubutun Magribi ba, ka nemi malamin zaure ya zauna da kai, ka kuma biya shi ladan wahalarsa. Kada ka lashi yatsa don juya shafi, kada ka riƙe biro kusa da tsohuwar takarda, fensir ya ishe ka, kuma kada ka ɗauki hoto sai da izini. Abin da ya fi cancanta ka nema shi ne risalar da Wazirin Sakkwato Buhari ya rubuta yana bayyana dalilin da ya sa shi da waɗanda suka janye tare da shi zuwa Marnona suka komo suka yi sulhu, domin tsoron kada jama'a su watse addini ya rasa mai riƙe shi. Ka ajiye ta kusa da hujjojin waɗanda suka zaɓi hijira tare da Sarkin Musulmi Attahiru. A ganina wannan saɓani tsakanin malamai masu ilimi ɗaya da tsoron Allah ɗaya ya fi harbe-harben safiyar Lahadin muhimmanci, kuma ɗalibin da ya yi gaggawar kiran wani ɓangare maci amana, ɗayan kuma mai ganganci, bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wajen dattawa, ka sani babu sauran wanda ya ga yaƙin da idonsa, abin da ya rage shi ne abin da aka ji daga iyaye da kakanni. Ka bi ta hannun mai unguwa ko wani na gida, ka tafi da goro, ka zauna ƙasa, ka gaisa sosai kafin ka fito da wayar ɗaukar murya. Bayan “Allah ya gafarta Malam” ko “ranka ya daɗe”, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: daga bakin wa aka ji wannan, shi kuma ina yake a ranar? Ka rubuta salsalar kamar yadda masu ruwaya suke yi. Gidajen sarauta kowanne yana da nasa zancen, zuriyar Marafa Maiturare da ta Sarkin Raba Ibrahim, waɗanda suke cikin jagororin mayaƙan Sakkwato a ranar, za su ba ka labarin inda kakanninsu suka tsaya, kuma ba laifi ba ne in kowa ya fifita nasa, aikinka ne ka gwama. Kada ka manta da tsofaffin mata, domin labarin gudun da aka yi daga gari da na waɗanda suka tafi ba su dawo ba galibi a wurinsu yake.

Kada ka rufe bincikenka a Giginya, domin Sarkin Musulmi Attahiru bai miƙa wuya ba, ya nufi gabas, jama'a masu yawa kuma suka bar gonaki da garuruwa suka bi shi, abin da ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin kansa. A Burmi, wadda ke cikin Jihar Gombe ta yau, inda tafiyarsa ta ƙare, an kori rundunar Kyaftin Sword a watan Mayu, sannan ranar 27 ga Yuli 1903 aka sake gwabzawa, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh na Turawa ma ya mutu a nan. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Kogin Nilu har yanzu. In kana da halin tafiya Burmi, ka nemi jagora daga Bajoga, ka kuma zaɓi lokacin rani.