Shawara ga iyaye kan littafin tarihin Ghana

Assalamu alaikum, iyaye. Duk wanda zai saya wa ɗansa tsohon littafin darasin zamantakewa da tarihi a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ya fara buɗe shafin taswira ya ƙirga yankunan Ghana. Idan goma ya gani, littafin ya kwana biyu, domin tun 2019 yankunan sun zama 16, har Brong Ahafo ta rabu uku: Bono, Bono ta Gabas da Ahafo. Abin tausayi ne yaro ya haddace tsohon bayani ya rubuta shi a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Babin yaƙin 1900 kuwa, wanda Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, ta jagoranci Asante a kan Turawan Ingila, a ganina gara ku kai yaran gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi, lokacin hutu, su ga mutum-mutuminta kafin su karanta.