Yadda Za Ka Tsara Tarihin Jam'iyyun Kuba Ba Tare Da Sunaye Sun Ruɗe Ka Ba

Abin da ya fi kayar da mai nazarin siyasar Kuba shi ne maimaituwar sunaye. Sai ka ga jam'iyyu biyu suna amsa suna ɗaya alhali shekara arba'in ce tsakaninsu, wata kuma ta yi ta sauya suna ita kaɗai. Maganin wannan jadawali ne da za ka zana da hannunka.

Samu babbar takarda ka raba ta gida huɗu: 1892 zuwa 1902, lokacin fafutukar ƙwatar 'yanci daga Sifaniya, 1902 zuwa 1933, har faɗuwar shugaban ƙasa Gerardo Machado, 1933 zuwa 1952, sai 1952 zuwa 1965. Kowace ƙungiya ka rubuta mata abu huɗu: shekarar kafuwa, jagoranta, wanda ta haɗa kai da shi, da yadda ta ƙare. Na ukun shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

A gidan farko sa Partido Revolucionario Cubano wadda José Martí ya kafa a 1892. An kashe Martí a Dos Ríos ranar 19 ga Mayu 1895, aka rushe jam'iyyar a ƙarshen 1898. Ja mata layi ka rufe. Idan ka bar ta a buɗe, za ka cakuɗa ta da wata mai sunan nan da aka kafa a 1934, wadda ake kira Auténtico. Wannan ta Ramón Grau San Martín ce, ta yi mulki daga 1944 zuwa 1952, kuma cin hanci ya yi mata katutu. Shi ya sa Eduardo Chibás ya ɓalle a 1947 ya kafa Ortodoxo, mai alamar tsintsiya. A nan Fidel Castro ya fara siyasar jam'iyya, yana neman kujerar majalisa a zaɓen 1952 da juyin mulkin Fulgencio Batista na 10 ga Maris ya hana.

Kada gida na biyu ya ƙare a kan 'yan Liberal da 'yan Conservador kawai. Sa Partido Independiente de Color, jam'iyyar baƙaƙen fata da Evaristo Estenoz ya kafa a 1908, akasarin jagororinta tsofaffin mayaƙan 'yanci ne. Dokar Morúa ta 1910 ta haramta jam'iyyar launin fata, suka yi bore a lardin Oriente na gabashin ƙasar a 1912, sojoji suka kashe dubbai. Jadawalin da babu wannan kisan a ciki bai cika ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne batun 'yan gurguzu. Jam'iyyarsu ta farko an kafa ta a 1925, Julio Antonio Mella da Carlos Baliño na cikin waɗanda suka kafa ta, a 1944 ta koma Partido Socialista Popular. Ja kibiya daga gare ta zuwa Batista, domin ta mara masa baya a zaɓen 1940, har Juan Marinello da Carlos Rafael Rodríguez suka zama ministocinsa. Da Castro ya kai hari barikin Moncada ranar 26 ga Yuli 1953, jam'iyyar nan ta yi tir da harin. Sai a 1958 ta rungumi yaƙin sunƙuru sosai. Wanda ya ɗauka ita ce ta haifi juyin juya halin 1959 da ya kawo Castro kan mulki ya karanta tarihin daga ƙarshe zuwa farko.

A gida na huɗu ware layi uku. Ƙungiyar 26 ga Yuli ta Castro, wadda ta samu tsari a 1955, ka raba ta biyu: mayaƙan dutsen Sierra Maestra da suka sauka daga jirgin ruwan Granma su 82 a Disamban 1956, da 'yan ɓoye na birane ƙarƙashin Frank País, wanda aka kashe a Santiago a Yulin 1957. Rubuta 9 ga Afrilu 1958 da jan biro. Ranar ce yajin aikin gama gari ya ci tura, daga nan ragamar ƙungiyar ta koma hannun na dutse. Layi na biyu na Directorio Revolucionario ne, ɗalibai ƙarƙashin jagorancin José Antonio Echeverría da suka afka wa fadar shugaban ƙasa ranar 13 ga Maris 1957, shi ma ya rasa ransa a ranar. Na uku na 'yan gurguzu.

Haɗa layukan uku a 1961 ƙarƙashin ORI, wato Organizaciones Revolucionarias Integradas, haɗakar ƙungiyoyin juyin juya hali. Nuna rikicin Maris 1962, lokacin da Castro ya tuɓe Aníbal Escalante, jigon 'yan gurguzu a ORI, saboda cika muƙamai da tsofaffin 'yan gurguzu. Daga nan suna ya koma PURSC, wato Partido Unido de la Revolución Socialista de Cuba, sannan ranar 3 ga Oktoba 1965 ya zama Partido Comunista de Cuba. Ka ba ta buɗaɗɗen gida ita kaɗai, ka rubuta 1965 a kanta, ba 1925 ba.