Kurakuran da aka fi yi da gilashin ɗaukar hoto na kurkusa a cikin lambu

Gilashin Laowa 15mm f/4, wanda kamfanin Venus Optics na ƙasar Sin ya fitar a 2015, yana ɗaukar ƙaramin ƙwaro dab da dab, kuma a hoto guda ya nuna lambun da ke bayansa. Saitin kaifin hoto da ƙofar haske (kafar da haske ke shiga ta cikin gilashin) duk da hannu ake murɗa su, kuma ba ya sadarwa da kyamara, shi ya sa wasu kyamarorin ke ƙin ɗauka har sai an shiga tsarinsu an ba su izinin aiki ba tare da gane gilashi ba. Wannan matsalar minti ɗaya ce.

Babban kuskure shi ne mantawa da abin da ke baya. Gilashin kurkusa na yau da kullum yakan narkar da bango ya ɓoye shirgi, amma wannan ba ya rufa wa kowa asiri. Wata safiya a wani lambu da ke bakin kogin Kaduna na ɗauki ƙudan zuma a cikin furen kuɓewa, sai da na dawo gida na duba a kwamfuta na tarar da baƙar leda da tiyon ban ruwa, har da gefen takalmina, duk sun fito sarai. Gyaran shi ne mutum ya kwashe tarkacen tun kafin ya fara, sa'an nan ya durƙusa, ko ma ya yi ruf da ciki a tsakanin kunyoyi, yadda sararin sama ko jerin shuka za su zama bangon hoton.

Akwai kuma kwaɗayin matsawa har iyakar gilashin. A nan tazarar da ke tsakaninsa da fure ba ta kai milimita 5 ba, don haka inuwarsa ce za ta rufe furen, ƙwaron ya tashi, garin furen kuma ya manne a fuskar gilashin. A cire hular da ke kare gaban gilashin daga hasken rana, a ja da baya santimita kaɗan, a mayar da haske daga gefe da farin kwali.

Masu koyo kan yi ta murɗa zoben saiti alhali iska na kaɗa ganye. Ya fi sauƙi a tsayar da zoben wuri ɗaya, a riƙa matsawa gaba da baya a hankali har idon ƙwaron ya fito tar, kuma a fita da sassafe kafin iska ta taso. Ƙofar haske a f/4, wato a buɗe gaba ɗaya, takan bar yawancin furen a dushe, a f/32 kuwa, wato a tsuke sosai, kaifin hoton gaba ɗaya ke raguwa. Ni dai tsakanin f/8 da f/16 nake tsayawa. Da hunturu, duk ƙurar da ta shiga kyamara takan fito ɗigo-ɗigo a sararin sama idan aka tsuke ƙofar, saboda haka a ɗaura gilashin tun daga ɗaki, kada a sauya shi a fili.